Kwatance a cikin ƙoƙon kai: yadda na'ura ke gane sassan ƙwaƙwalwa, da abin da ya kamata a tambaya kafin a saye ta

Tun ranar 1 ga watan Satumban 2024 da matakin rage kuɗin asibiti da rabi ya fara aiki a cibiyoyin kiwon lafiya na gwamnati, hoto yana cikin abubuwan da suka yi sauƙi: radiyo, eko, sikanar. Duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa da ya faɗo daga kan kabu-kabu, ko tsohon da ya wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu, ya san abin da wannan ragi yake nufi ga aljihu. Sai dai kuɗin ɗaukar hoto aka rage, ba a ƙara yawan masu karanta shi ba. Sikanar kan gama ɗaukar kai cikin ƴan mintoci. Likitan da zai dubi hoton ya ce ga inda jini ya taru, ga abin da ya danne, sai ya shafe shekaru sama da goma yana karatu bayan bak. A ƙasa mai mutum sama da miliyon 25 irin waɗannan likitoci ba su da yawa, kuma akasarinsu suna Yamai.

A wannan gurbi ne maganar ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke taƙaitawa IA, take shigowa. Kuma ba tatsuniya ba ce. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta radiyon ƙirji don binciken tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. A 2018 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa aikin wani kamfanin Indiya da ya tara hotunan sikanar na kai sama da dubu 300, ya koya wa manhajarsa gano zubar jini da karayar ƙoƙon kai. Ko ba daɗe ko ba jima, masu tallar irin wannan haja za su ƙwanƙwasa ƙofar ma'aikatar kiwon lafiya da ta asibitocin kuɗi. Abin tambaya a nan shi ne wace iri za a saya. Amsar kuwa tana buƙatar mai saye ya san, ko da a dunƙule, yadda na'ura ke gane cewa wannan sashe ne na ƙwaƙwalwa ba wancan ba.

Me na'urar take gani?

Kwamfuta ba ta ganin hoto yadda ido ke ganinsa. Hoton IRM na kai tarin ƴan ƙananan ɗakuna ne, kowanne kamar milimita guda ta ko'ina, bai kai ƙwayar hatsi ba. A irin hoton da masu bincike suka saba aiki da shi, mai ɗaki 256 a tsaye, 256 a kwance, 256 a zurfi, ɗakunan sun haura miliyon 16. Kowane ɗaki lamba ɗaya tak ke cikinsa, wadda ke nuna duhunsa ko haskensa. Ruwa kan fito baƙi, naman ƙwaƙwalwa mai ɗauke da ƙwayoyin tunani ya fito toka-toka, jijiyoyin da ke sada sassa su fito da haske. Iyakar abin da aka ba na'urar ke nan.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ramuka huɗu cike da ruwa garau, likitoci na kiransu bantirikil. Biyu manya, dama da hagu, na uku siriri a tsakiya, na huɗu can ƙasa. Kewaye da su akwai curi-curin nama masu muhimmanci. Akwai talamus, tashar da saƙonnin gani da ji da taɓawa ke yada zango kafin su wuce. Akwai wani curi mai kai da doguwar jela da ake kira mai wutsiya, da maƙwabcinsa putamen, su biyun suna da hannu wajen daidaita motsi. Akwai ipokamp, mai ajiye sabon abin da mutum ya koya, wanda ke motsewa a ciwon mantuwa na tsufa, kuma tabo a jikinsa kan haddasa wani nau'in farfaɗiya. Sai amigdal mai kula da tsoro, wanda bai haɗa komai da amigdal na maƙogwaro da ake cire wa yara ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Matsalar ita ce dukansu kusan launinsu ɗaya ne a hoto. Ipokamp da amigdal suna manne da juna, tokarsu iri ɗaya, babu wani layi baƙi da ya raba su. Gefen talamus na waje kuwa narkewa yake a hankali cikin farin da ke kusa da shi. Wanda ya dogara da launi kaɗai zai zama kamar mai neman gidan wani a Birnin Damagaram daga cikin jirgin sama: gidajen ƙasa ne, duk ja, duk soro.

To yaya ɗan gari yake gane gidan? Da kwatance. A garuruwanmu, inda ko an sa wa titi suna ba mai kiransa da shi, ba a ba baƙo lamba. Ce masa ake yi: in ka fito kasuwar Dole ka yi gabas, ka wuce famfo, gida na biyu bayan masallaci, tsakanin mai injin niƙa da tela. An fara da abin da ba ya ɓata, sannan aka bi ta kansa zuwa abin da ke da wuyar gani. Littattafan da ɗaliban likita ke haddacewa a kan tsarin ƙwaƙwalwa haka suke magana. Mai wutsiya yana manne da babban ramin ruwa ta waje. Talamus biyu ne, sun sa rami na uku a tsakiya. Amigdal yana gaban ipokamp, ɗan sama da shi. Wata farar hanya ta jijiyoyi ta ratsa tsakanin putamen da talamus. Likitan hoto ba launi yake bi ba, unguwa ya sani.

Daga Paris zuwa Boston

Wadda ta fi yin suna wajen koya wa kwamfuta irin wannan kwatance ita ce Farfesa Isabelle Bloch, Bafaranshiya, wadda ta shafe shekaru a makarantar injiniyoyin sadarwa ta Télécom Paris kafin ta koma Jami'ar Sorbonne. Abin da ya tsaya mata a gaba tun shekarun 1990 tambaya ce mai kama da wasa: yaya za a rubuta "kusa da", "a gefen", "tsakanin" da lissafi? Kusa ba ta da iyaka. Idan aka ce tashar mota tana kusa da kasuwa, ba wanda zai ce daga taku ɗari da ɗaya kusancin ya ƙare. Haka "gabas da masallaci": gidan da ke saitin alƙibla sosai gabas yake, wanda ya ɗan karkata arewa ma gabas yake amma ba kamar na farko ba, wanda ke bayan masallacin ta yamma kuwa sam ba ya ciki.

Ta yi amfani da wani reshen lissafi da Lotfi Zadeh ya ƙirƙiro a Jami'ar Berkeley ta Amurka a 1965, wanda maimakon i ko a'a yake ba kowane abu maki tsakanin 0 da 1. Ga yadda abin yake tafiya a aikin da ta wallafa a 2006 tare da Olivier Colliot da Oscar Camara. Na'ura takan fara ware ƙwaƙwalwa daga ƙoƙon kai da fata, ta nemo layin da ya raba dama da hagu. Sannan ta nemo ramukan ruwa, domin su ne masallacin unguwar: baƙi ƙirin, a tsakiya, ba sa ɓuya. Daga nan sai ta zana taswira ta farko, inda kowane ɗan ɗaki ke samun maki gwargwadon yadda yake "a wajen" ramin. Ta zana ta biyu, ta makin "kusa da" ramin, mai dushewa yayin da ake nisa. Ta uku kuma ta launin toka. Inda taswirorin uku suka yi ittifaƙi, nan mai wutsiya yake. Sai a saki wani zare na lissafi ya buɗe daga ciki har ya dafe iyakar curin, kuma in ya zo wurin da iyakar ta dushe, kwatancen ne ke riƙe shi kada ya malala cikin gidan maƙwabci. Da an samu mai wutsiya, shi ma ya zama alama, a bi ta kansa a nemo na gaba.

A ɗaya ɓangaren teku, Bruce Fischl da abokan aikinsa a babban asibitin Massachusetts da ke Boston sun fito da tasu hanyar a 2002, cikin manhajar FreeSurfer da har yau ake rabawa kyauta. Su ba su rubuta dokokin da hannu ba. Sun sa ƙwararru sun shata sassan ƙwaƙwalwar mutane da dama, na'ura ta ƙirga sau nawa kaza yake zuwa a saman kaza, sau nawa a gabansa. Da wannan take raba wa kowane ɗan ɗaki suna ɗaya cikin 37. Aikin da ƙwararre kan yi har mako guda yana yi da hannu, ya koma na sa'o'i.

Sai dai hanyar Boston tana jingine da wani abu da ake kira atalas, wato taswirar ƙwaƙwalwa ta misali da ake miƙe hoton majinyaci a lanƙwasa shi har ya hau kanta. Atalas ɗin da ya daɗe yana mulki, na likitan fiɗa Jean Talairach da Pierre Tournoux na asibitin Sainte-Anne a Paris, wanda ya fito a 1988, daga ƙwaƙwalwar mace guda aka zana shi, mai kimanin shekara 60, bayan rasuwarta. Wanda ya gaje shi, na cibiyar Montréal a Kanada, matsakaicin kawunan matasa 152 ne masu ƙoshin lafiya. Masu bincike a Sin da Indiya sun auna sun ga bai zauna daidai a kan mutanensu ba, suka ƙera nasu. Atalas kamar lambar gida ce: tana aiki muddin gidan yana inda aka rubuta.

Shi kuwa mara lafiya, gidansa ya gusa. Ƙari ko gudan jini idan ya tsiro a cikin ƙoƙon kai, wanda ba ya buɗewa, dole ya ture abin da ya tarar. Ramin ruwa na ɓangaren ya matse, talamus ya koma gefe, layin tsakiya ya lanƙwashe. A nan ne kwatance ya fi lamba. Idan babbar mota ta kutsa cikin kasuwa, ƴan tebur kan ja baya, kowa ya matsa, amma mai tumatir yana nan kusa da mai albasa. Tawagar Bloch ta bi wannan a hotunan masu ƙari, ta ga alaƙoƙin ba ƙarfinsu ɗaya ba: "manne da" ya fi jure turi, tazara da aka auna da milimita ita ce ke saurin lalacewa, kuma yawan lalacewar ya danganta da girman ƙarin da inda ya zauna. Sai suka sa na'ura ta fara gano ƙarin, sannan ta sassauta dokokin da ta san zai taɓa.

Hanyar tana da nata rauni, kuma duk wanda aka taɓa yi wa kwatance ya san shi. In ka ɗauki wani masallaci a matsayin wanda aka ce maka, duk sauran tafiyar ɓata ce, kuma kana yin ta da ƙarfin gwiwa. Ɗaliban Bloch na baya sun yi ta neman magani: wani ya sa na'ura ta riƙa duba dukan alaƙoƙin lokaci guda tana rage inda kowane sashe zai iya kasancewa, wani ya ba ta damar komawa baya idan ta ga lissafi ya ci karo. An samu ci gaba, amma aiki ne mai cin lokaci, kuma bai fita daga ɗakunan bincike ya cika asibitoci ba.

Zamanin hadda

A 2015 wasu masu bincike uku a Jami'ar Freiburg ta Jamus, ƙarƙashin Olaf Ronneberger, suka fito da U-Net, wani tsari na koyon na'ura da ya juya fagen gaba ɗaya. Ba a gaya masa komai game da ƙwaƙwalwa. Ana nuna masa hotuna da aka riga aka shata, ɗari, dubu, yana gyara kansa har ya iya shatawa. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma a kan hotuna irin waɗanda ya saba gani ya fi tsofaffin hanyoyi dacewa. Akasarin manhajojin da ake tallatawa yau jikokinsa ne.

Amma me ya koya? Unguwar ya sani, ko fentin ƙofofi ya haddace? Bloch da ɗalibinta Mateus Riva sun gwada wannan tambaya a 2022, da hotunan gwaji da ba a iya warware su sai an lura da wane ne ke gefen wane. Sakamakon: U-Net yana iya koyon alaƙar, idan an ba shi misalai masu yawa kuma aka bar shi ya hangi fili mai faɗi. Wannan "idan" ɗin shi ne duk maganar. Inda misalai suka yi kaɗan, ko hoton ya zo daga na'urar da bai saba da ita ba, yakan yi kuskuren da ɗalibin likita na shekara ta biyu ba zai yi ba: ya ɗiga ɗan tsibirin talamus can bayan kai, ko ya ba ɓangaren dama sunan hagu. Kuma ba ya jin kunya, ba ya cewa ban tabbata ba sai an gina masa hanyar faɗa.

Shi ya sa tsohon ilimin kwatance yake dawowa ta bayan gida. Wasu na saka dokokin cikin horon na'urar, a ci ta tara duk lokacin da ta raba maƙwabtan da ya kamata su manne. Wasu na ajiye su a ƙofar fita kamar mai gadi, su binciki sakamako kafin ya isa ga likita. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta SynthSeg, wadda Benjamin Billot da Juan Eugenio Iglesias da abokansu suka wallafa a 2023. Ba su nuna wa na'urar hoton gaske ko guda ba. Sun ɗauki taswirorin sassa suna shafa musu launi barkatai, yau talamus fari, gobe baƙi, suna dusar da hoton, suna lanƙwasa shi. Da launi ya daina zama abin dogaro, ba abin da ya rage mata sai siffa da maƙwabtaka. Sakamakon shi ne manhaja mai iya karanta IRM iri-iri, har da sikanar, ba tare da an sake horar da ita ba. Ita ma kyauta ce a cikin FreeSurfer. Sai dai taswirorin da aka gina ta a kansu na manya ne, ba na jarirai ba.

Inda abin ya shafe mu

Mai karatu zai iya cewa wannan gardamar masana ce a Paris da Boston. Amma a duba wane irin kai ne ke shiga na'ura a ƙasashenmu. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Muna tsakiyar yankin sanƙarau, kuma ɗaya daga cikin abin da sanƙarau da cututtukan jarirai ke bari shi ne toshewar hanyar ruwan ƙwaƙwalwa. Jiki na samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana ga babba. Idan mafita ta toshe, ramukan su kumbura, kan jariri ya yi ta girma, naman ƙwaƙwalwa ya koma siriri a jikin ƙashi. A irin wannan hoto, masallacin ya cinye rabin unguwa. Mai ƙari kuma ba kasafai yake zuwa da wuri ba. Sai an sha rubutu, an sha sassaƙe, an sayar da akuya, ido ya fara dushewa. Ƙarin da ke isa gaban likita a nan ya girmi wanda manhajar ta saba gani a hotunan Turai da Amurka.

Na'urorin ma ba ɗaya ba ne. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka wallafa a 2018 ya ƙirga IRM 84 kacal a duk Afirka ta Yamma, ga mutum sama da miliyon 370; 58 daga ciki a Najeriya, kuma galibinsu masu ƙaramin ƙarfin maganaɗisu, waɗanda hotonsu bai kai na manyan fita tas ba. Gasar BraTS, inda masana ke gwada manhajojin shata ƙarin ƙwaƙwalwa tun 2012, sai a 2023 ta buɗe rukunin Afirka, da hotuna daga asibitocin Najeriya. Hotunan horo da aka bayar a rukunin 60 ne. Na babban rukunin sun kai 1,251. Wanda ke da misali 60 ba zai yi takara da hadda ba. Dole ya nemi na'urar da aka riga aka koya wa tsarin gari.

Akwai kuma abin da ke tafe. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙaramar IRM ta kamfanin Hyperfine, mai tayoyi, da ake jonawa a soket na bango. Ƙarfinta 0.064 ne a ma'aunin tesla, alhali na manyan asibitoci 1.5 ne ko 3. Ba ta buƙatar iskar heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili da manyan ke rayuwa a kanta, wadda kuma sai da kuran ba yankewa ake riƙe ta. Wanda ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan, ya san darajar wannan. An kai irin wannan na'ura babban asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, inda tun kafin nan wata IRM mai ƙarfin 0.35 ta warware wata tsohuwar tambaya: me ke kashe yaran da palu ya hau musu kai? Binciken Karl Seydel da Terrie Taylor na 2015 ya duba yara 168. 25 suka rasu, kuma 21 daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa, har ta danne cibiyar numfashi. Nijar na cikin ƙasashe huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su ke ɗauke da sama da rabin mace-macen zazzaɓin cizon sauro a duniya. Hoton ƙaramar na'ura dishi-dishi yake fita, kamar gari cikin hazo. A cikin hazo ba a gane ƙofa da fenti.

Wani hanzari ba gudu ba. Akwai manhajojin da ke karɓar hoto mai hazo su fito da shi tas, kamar daga babbar na'ura. Abin da ba ta gani ba cikawa take yi da abin da ta saba gani, kuma abin da ta saba gani lafiyayyen kai ne. Ƙaramin tabo na iya gogewa a wajen gyaran. Hoton da ya fi kyau ba lalle ne ya fi gaskiya ba, kuma likitan da aka miƙa wa shi yana da haƙƙin ganin na asali.

Gaskiya kuma, shata talamus da ipokamp daki-daki ba shi ne buƙatar gaggawa ta asibitin jaha ba. Abin da ya fi yawa a hannunmu sikanar ce, kuma tambayoyin dare a sashen gaggawa ba su da yawa: akwai jini ko babu? Ya ture tsakiya? Ramukan ruwa sun kumbura? Biyun ƙarshe duk tambayoyin matsayi ne. Idan layin tsakiya ya gusa da sama da milimita 5, likitocin fiɗa kan ɗauke shi alamar haɗari da ka iya sa a buɗe kai. Idan faɗin ƙahonin gaba na ramukan ruwa ya haura kashi 30 cikin 100 na faɗin cikin ƙoƙon kai, ma'aunin da William Evans ya kawo tun 1942, to sun kumbura. Manhajar da za ta auna waɗannan biyu daidai, ta ɗaga hoton mai haɗari ya hau kan layi, ta aika wa likita a Yamai ko Damagaram da alama a kansa, ta yi aikin da zai sa a yanke shawarar ɗaukar majinyaci daga Tawa a daren ko a bari sai safe. Kilomita ɗaruruwa a ambilans ba ƙaramin abu ba ne ga mai rauni a kai, ba ƙaramin abu ba ne ga aljihun danginsa.

Kafin a sa hannu

Don haka idan mai talla ya zo da alƙaluma, ya ce manhajarsa na dacewa kashi casa'in da wani abu cikin ɗari, tambayar farko ita ce: a kan kawunan wa? Akwai yara a ciki? Akwai masu ruwa a kai? Da wace irin na'ura aka ɗauka? Sannan a ce ya nuna abin da take yi idan ta rikice. Manhajar da ke iya cewa "na sami wannan sashe a inda bai kamata ya kasance ba, a duba" ta fi wadda ke ba da amsa kullum cikin fara'a. Nan ma tsarin kwatance yana da fifiko, domin dalilinsa da harshen likita yake: na kira shi kaza saboda yana manne da kaza, a wajen kaza. Likita na iya bin sawun, ya ga inda aka kauce. Gwajin kuwa ba a kan hotunan da kamfani ya zo da su a jaka za a yi shi ba. A ɗebo na asibitin da za a girka ta, har da waɗanda majinyaci ya motsa, har da waɗanda aka ɗauka a karkace, a sa likitocinmu su karanta, a sa ta karanta, a gwama.

Ko dama da hagu ma abin dubawa ne. A al'adar likitocin hoto, damar majinyaci tana fitowa ne a hagun allo, kamar kana fuskantarsa. Wasu manhajojin bincike kuma akasin haka suke nunawa. Ƙwaƙwalwa ɓangarorinta biyu sun yi kama ainun, shi ya sa wasu masu bincike ke manna ƙwayar bitamin E a gefe ɗaya na kan mutum kafin ya shiga IRM, ta fito fara a hoto ta zama shaida. Hoton da aka ɗaga wa taga aka ɗauka da salula aka tura ta WhatsApp, kamar yadda ake yi idan an matsu, yana iya zuwa a juye.

Sai maganar inda hotunan za su je. Yawancin waɗannan manhajoji a wata kwamfuta can waje suke aiki, ta intanet. Hoton kai ba kamar na ƙafa ba ne. Daga IRM ko sikanar ana iya sake gina fuskar mutum. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda doka ta fi tsanantawa a kansu. Ya kamata a ji ta bakinta kafin kwangila, ba bayan ta ba. Haka ƙungiyar likitoci: idan manhaja ta ce babu komai, aka sallami mutum ya mutu a hanya, sa hannun wa ke kan takardar?

Akwai aikin da ba sai an jira kowa ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram duk suna horar da likitoci, kuma akwai ɗaliban lissafi da na kwamfuta a harabobin. Manhajojin da aka ambata a sama da dama kyauta ne. Abin da babu shi ne tarin hotunan ƴan ƙasa da aka cire wa suna, aka adana, ƙwararru suka shata, wanda za a riƙa auna duk hajar da ta zo da shi. Ƴan Najeriya da 60 suka fara. A yanzu, hoton da aka biya kuɗi aka ɗauka yakan bi majinyaci gida a cikin babbar ambulan ko a faifan sede, a tura shi ƙarƙashin katifa, na cikin na'ura kuma a goge shi idan wuri ya cika don a samu na ɗaukar na gaba.